Yaushe Zan Ƙara, Yaushe Zan Bi, Yaushe Zan Zubar da Karta?

Wani ɗalibin lissafi a Jami'ar Bayero, mazaunin Kabuga, ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, ni da abokaina muna buga wasan karta na foka mai ƙayyadadden zubi, wani lokaci a waya da makin wasa, wani lokaci a ɗaki da murafen kwalba. Babu kuɗi a ciki. Na haddace darajar hannuwa, na san wanne ya fi wanne, amma kullum murafena ne ke fara ƙarewa. Ina shiga yawancin rabo tunda zubin kaɗan ne, idan kuma aka buɗe kati na ƙarshe na ga ban yi ƙarfi ba, sai in zubar don kada asarar ta ƙaru. Yaushe ya kamata in ƙara, yaushe zan bi, yaushe zan zubar? Sannan wani abokinmu yana ta matsa mu fara sa ɗan kuɗi, wai sai da kuɗi ake ƙwarewa."

Ɗana, ka faɗi ciwonka da bakinka. Kana sakin hannu a farkon rabo, inda ya kamata ka riƙe, kana kuma tsorata a ƙarshe, inda ya kamata ka daure. Wannan wasa, idan zubinsa ƙayyadadde ne kuma 'yan wasan masu yawan bi ne, yana son akasin abin da kake yi: tsauri a bakin ƙofa, taurin kai a ƙarshe idan tulin tsakiya, wato zubin da kowa ya tara wanda mai nasara ke kwashewa, ya yi girma. Sauran bayanin duk lissafin da ke ƙarƙashin wannan ne.

Amma bari in fara sallamar maganar abokinka, don kada ta tsaya mana a tsakani. Da zarar kuɗi ya shiga, ya zama caca, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne; aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri guda. A nan Kano doka ma ta hana tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, kuma kana gari lokacin da Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa a 2024. Ko wasan karta da babu kuɗi malamai sun yi maganganu a kansa, musamman idan yana cinye lokacin salla da na karatu, wannan kuwa malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa ya fi ni cancantar yi maka bayani. Abin da ke fagena shi ne lissafi, kuma lissafin ma bai goyi bayan abokinka ba. A gidajen caca da ke shirya wasan nan da kuɗi, gidan yakan cire kamasho daga tuli, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har zuwa wani ƙayyadadden adadi. Ɗauki misali: teburi mai mutum goma, ana rabo 30 a awa, ana cire ƙwaya 2 a kowane rabo. Ƙwaya 60 ke nan ke barin teburin duk awa, shida-shida a kan kowa, kafin a zo maganar wa ya iya wa bai iya ba. A ƙaramin wasa wannan kamasho ya kai ko ya fi abin da gwani ke sa ran samu. Ƙwarewa kuwa daga ƙirga take zuwa, ba daga zafin asara ba. Ku tsaya a kan murafenku.

To, mu daidaita harshe. Zan yi magana a kan nau'in da ya fi yaɗuwa, Teksas Holdem, inda ake ba kowa katuna biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa. Bi shi ne ka biya daidai abin da aka zuba, ƙari ka ɗora a kansa, zubarwa ka fita daga rabon. Zan ɗauka kuna buga 2 da 4. Ma'ana kafin a buɗe komai, da kuma bayan an buɗe katuna ukun farko, kowane zubi ko ƙari ƙwaya 2 ne. A kati na huɗu da na biyar ya zama ƙwaya 4. Mutum biyu na hagun mai rabo suna zubin dole, ɗaya ƙwaya 1, ɗaya ƙwaya 2. A yawancin wurare zubi ɗaya da ƙari uku ne iyaka a kowane zagaye. Wannan ƙayyadewar ita ce ta bambanta wasan da wanda kake gani a bidiyo, inda mutum ke tura duk abin da ke gabansa lokaci guda. A naku ba mai iya korarka da zubi mai firgitarwa, kai ma ba ka iya korar kowa. Farashin kowane mataki sananne ne tun kafin a raba karta, shi ya sa lissafi ya fi tasiri a nan fiye da karanta fuska.

Katuna 52 suna ba da hanyoyi 1,326 na samun katuna biyun farko, waɗanda ke komawa iri 169 idan aka haɗe masu daraja ɗaya. Mafi yawansu ba su da amfani a teburi mai mutum tara ko goma. Shawarata, a irin wannan teburi kada ka wuce shiga rabo ɗaya cikin biyar, ban da inda zubin dole ya riga ya saka ka. Na san za ka ce ai ƙwaya 2 ce kawai. Ba ƙwaya 2 ce ke cinye ka ba, abin da ke biyo bayanta ne. Ka shiga da Sarki da 7, aka buɗe Sarki a tsakiya, ka samu tagwaye mafi girma, wato Sarki biyu, yanzu ba za ka iya zubarwa ba. Wani kuma yana riƙe da As da Sarki. Tagwayenku ɗaya, amma ɗan rakiyarsa, wato ɗaya katin da ke hannunsa, ya fi naka, za ka biya shi 2, ka biya 4, ka sake biyan 4. Tun kafin a buɗe komai ma, As da Sarki na cin Sarki da 7 kusan sau uku cikin huɗu. Hannun da bai haɗa komai ba ƙwaya 2 yake ci maka. Wanda ya haɗa ya zo na biyu shi ne mai kwashe 12. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wurin zamanka yana canza darajar katinka sosai. Idan kana cikin waɗanda za su fara magana, akwai mutum bakwai ko takwas a bayanka da ba ka san me suke riƙe da shi ba, kuma a kowane zagaye za ka yi magana kafin su. Nan sai manyan tagwaye, da As da Sarki, da As da Sarauniya, da makamantansu. Idan kai ne mai rabo ko kana dab da damansa, ka riga ka ga abin da kowa ya yi, sai ƙofar ta ɗan faɗaɗa: ƙananan tagwaye, da katuna masu bin juna 'yan gida ɗaya, wato masu alama iri ɗaya, kamar 8 da 9 na zuciya, muddin mutum huɗu ko biyar sun riga sun shiga ba tare da ƙari ba. Dalilin sharaɗin yawan mutane shi ne waɗannan hannuwa ba sa yawan haɗawa. Tagwayen 5 za su zama 'yan uku a buɗin farko kusan kashi 12 cikin ɗari, wato sau ɗaya cikin takwas da rabi. Sauran lokutan zubarwa za ka yi ba gardama. Sai da jama'a a cikin rabon ne ranar da ka haɗa za ta biya maka ranakun da ba ka haɗa ba. Haka nan kada kasancewar katunanka gida ɗaya ta ruɗe ka: samun biyar 'yan gida ɗaya tun a buɗin farko bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, samun huɗu masu jiran na biyar kuwa kusan kashi 11 ne. Sarauniya da 4 na zuciya shara ce, ko da launinsu ya yi kyau a ido.

Mafi tsadar ɗabi'a a wannan mataki ita ce bin ƙarin wani alhali ba ka riga ka zuba komai ba. Wani ya ƙara tun daga wuri na farko, kai kuma ka biya ƙwaya 4 da As da 10 ko Sarki da Jek. Mai ƙari daga wannan wuri, musamman cikin mutanen da ba su cika ƙari ba, yawanci yana riƙe da abin da ya danne irin waɗannan. Idan hannunka ya kai ka sake ƙarawa a kansa, ƙara. Idan bai kai ba, mafi yawan lokuta zubarwa ce daidai. Bi shi ne zaɓin da ya fi daɗi a rai domin ba ya buƙatar yanke hukunci, shi ya sa mutane ke fakewa da shi.

Idan kuwa hannunka mai kyau ne, ƙara, kada ka lallaɓa. Akwai ƙorafin da nake yawan ji: "Ina ƙarawa da As biyu amma ba mai zubarwa, kuma a ƙarshe wani ya cinye ni da tarkace, to me ye amfanin ƙarin?" Amfaninsa ba korar mutane ba ne. As biyu na zuwa sau ɗaya cikin rabo 221. Suna cin hannu ɗaya da aka ɗauko barkatai kusan kashi 85 cikin ɗari, idan kuma mutum tara ne suka tsaya har ƙarshe, cin ya sauko kusan kashi 31. Wato za ka faɗi fiye da yadda za ka ci. Amma duba rabon: kai kana zuba kashi 10 na abin da ke tsakiya, kana da haƙƙin kashi 31. Kowace ƙwaya da ta shiga tulin, ta wa ce ko ta wa ce, kusan sulusinta naka ne. Wanda ya ƙi ƙarawa don tsoron a cinye shi ya ƙi karɓar ribar da aka miƙo masa.

Wannan ra'ayi na fifita ƙari a kan bi ba nawa ba ne ni kaɗai. A watan Janairun 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Michael Bowling, suka wallafa a mujallar Science cewa manhajarsu mai suna Cepheus ta kusan kammala warware wannan wasa gaba ɗaya a tsakanin mutum biyu, bayan ta shafe sama da wata biyu tana buga wa kanta a kan dubban na'urori. Biyu daga abubuwan da suka fito sun shafe ka. Na ɗaya, mai rabo, wanda ke magana a ƙarshe bayan an buɗe katuna, yana da fifiko tabbatacce. Na biyu, idan manhajar ce ke fara magana a matsayin mai rabo, kusan ba ta taɓa bi kawai: ko ta ƙara ko ta zubar. Sai dai a kula, wasan mutum biyu ne, kuma tana shiga da katuna masu yawan gaske waɗanda za su halaka ka a teburin mutum goma. Ɗauki darasin, kada ka kwafi jerin katunanta.

Yanzu mu shiga inda lissafin ya fi daɗi, bayan an buɗe katuna uku. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka guda ɗaya ce: nawa ke tsakiya, nawa ake nema in biya, kuma sau nawa zan ci? Ɗan kasuwar Dawanau ba ya tambayar ko gero abu ne mai kyau, tambayarsa nawa buhu yau. Haka hannun da ke jiran kati yake, ba shi da kyau ko muni sai an faɗi farashi.

Ƙirga katunan da za su cece ka. Kana ganin naka biyu da uku na tsakiya, saura 47 da ba ka gani ba. Idan kana da huɗu 'yan gida ɗaya, gidan yana da 13, saura 9 masu cetonka, 38 ba sa yi. Wato za ka rasa sau 4 da ɗan ɗoriya kafin ka samu sau 1 a kati na gaba. Idan za ka ga katunan biyu duka, samun ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Jere, wato katuna biyar masu bin juna, idan mai buɗaɗɗen baki biyu ne, kamar 6, 7, 8, 9 mai jiran 5 ko 10, yana da masu ceto 8: rashi kusan 5 kan samu 1 a kati guda, kashi 31 da rabi a katuna biyu. Jere mai rami a tsakiya, kamar 6, 7, 9, 10 mai jiran 8, masu cetonsa 4 ne kacal: rashi kusan 11 kan samu 1. Waɗannan lambobi uku, 4 da 5 da 11, su ne za ka haddace. Sai ka gwada su da abin da tulin ke biya.

Ga misali. Mutum biyar kun shiga da ƙwaya bibbiyu, tuli ya zama 10. Kana riƙe da 9 da 10, aka buɗe 6, 7 da Sarki, gidaje daban-daban. Kana jiran 8. Wani ya zuba 2, biyu suka bi, tuli ya zama 16, kai ne na ƙarshe. Ana ba ka 8 kan kowace 1 da za ka zuba, kai kuma kana buƙatar kusan 11. A zahiri bai kai ba. Amma idan 8 ta faɗo, hannunka ne mafi ƙarfi, kuma ba ya fitowa fili, mutanen nan za su biya ka aƙalla babban zubi biyu nan gaba, ƙwaya 8. Ka haɗa da 16 ya zama 24, wato 12 kan 1. Bi ya halatta, da ƙyar. To an buɗe na huɗu, 8 ba ta zo ba. Tuli 18 ne, wani ya zuba 4, ɗaya ya bi, ya zama 26. Yanzu ana neman 4 a wurinka: 6 da rabi kan 1, kai kuma kana buƙatar 10 da rabi, wato sai tulin da abin da za ka ƙara samu sun kai 42. Ko ka lissafa ƙwaya 8 na gaba, 34 ne. Zubar. Hannu ɗaya ne, katunan ceto ɗaya ne, amma farashi ya ninka, kuma saura kati ɗaya. Kati na huɗu shi ne mahaɗar da ake yanke hukuncin gaske a wannan wasa, kuma nan ne masu cewa "bari dai in ga na ƙarshe" ke zubar da murafensu.

Kada ka ce ai na riga na zuba da yawa. Abin da ka zuba ya bar hannunka, ya zama na tuli. Yana da tasiri ta hanya ɗaya kawai, ya ƙara wa tulin girma, kuma ka riga ka ƙirga shi a nan.

Sannan ba kowane katin ceto ne mai ceto ba. Idan akwai zuciya biyu a tsakiya kuma mutum huɗu na ciki, 8 ta zuciya na iya cika maka jere ta cika wa wani biyar 'yan gida ɗaya. Idan akwai tagwaye a tsakiya, kana iya haɗa naka ka tarar wani ya riga ya wuce ka. Manyan katuna biyu da ba su haɗa komai ba, kamar As da Sarki a kan 9, 8, 4, ana ƙirga musu masu ceto 6, amma cikin taron jama'a ni rabin haka nake ba su, domin tagwaye ɗaya ba lallai su isa ba. Ka tuna As da Sarki ba sa haɗa tagwaye a buɗin farko sai kusan sau ɗaya cikin uku. Wanda ya kasa rabuwa da su a sauran lokutan zai mayar da duk ribarsu.

Canza misalin kaɗan ka ga inda ƙari ke shigowa. Tulin dai 16 ne, mutum uku sun riga sun zuba, kai ne na ƙarshe, amma yanzu kana riƙe da As da 7 na zuciya, a tsakiya akwai Sarki da 9 na zuciya da 2 na wani gida. Bi ba shi da gardama: 8 kan 1 ake ba ka, 4 kake buƙata. Amma ƙari ya fi. Idan ka ƙara duka ukun suka bi, kai ka zuba kashi 25 na sabon zubin, kana kuma da kashi 35 na cika gidanka, da mafi girman kati a gidan, ban da yiwuwar As ta faɗo ta ba ka nasara. Riba ce tun kafin ka haɗa komai. Ga ƙarin amfani: mutanen da aka yi wa ƙari sukan wuce, wato su bar zagayen ba zubi ba tare da sun zubar ba, a kati na huɗu suna jiran ka zuba. Idan ba ka haɗa ba, kai ma sai ka wuce, ka ga kati na biyar kyauta. Ka biya 2 a zagaye mai araha ka tsira daga 4 a zagaye mai tsada. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan kai ne na ƙarshe, kuma a kan mutane masu sanyin wasa. Mai zafi zai sake ƙara maka.

Dalili na biyu na ƙari shi ne tsare hannun da ke gaba amma ana iya kamo shi. A ce tuli 12 ne, na damanka ya zuba 2, kana da tagwaye mafi girma da ɗan rakiya mai kyau, mutum uku na bayanka. Idan ka bi, tuli ya zama 16, na bayanka zai biya 2 kan 16, kusan kowane mai jira ya samu farashin da zai zauna. Idan ka ƙara, tuli 18 ne amma sai ya biya 4, wato 4 da rabi kan 1. Mai jiran rami a tsakiya ko dai ya zubar, ka rabu da shi, ko ya bi a kan farashin asara, ka amfana. Duka biyun alheri ne gare ka. Lura da inda mai zubin yake zaune: idan yana damanka, ƙarinka na fuskantar da sauran da zubi biyu a haɗe. Idan yana hagunka, ka wuce ya zuba kowa ya bi sannan ka ƙara, ba ka kori kowa ba, tulin kawai ka kumbura, domin wanda ya biya 2 ba zai ƙi biyan wata 2 ba. Na farko kake so da tagwaye ɗaya. Na biyu kake so da 'yan uku ko babban jira.

Abubuwa biyu da bidiyon manyan gasa ke koya wa matasa ba su da wuri a teburinku. Ɗaya shi ne ɓoye ƙarfi. Ana ɓoye ƙarfi ne don kada mutane su gudu, naku kuwa ba sa gudu, saboda haka duk zagayen da ka wuce da babban hannu ka yafe ƙwayoyin da za a ba ka da hannu biyu. Ɗayan shi ne burga, zubi da hannu wofi don a tsorata. A kan mutum ɗaya mai iya zubarwa tana da wuri. Amma ko da kowane ɗaya cikin mutum huɗu yana zubarwa rabin lokaci, su zubar gaba ɗaya sau 1 ne cikin 16. Masu wasa da makin waya ko murafe ba sa zubarwa ko rabin lokacin. A irin wannan wuri ana cin wasa ne ta hanyar nuna hannu mafi kyau da sa a biya shi, ba wani abu ba.

Saura kati na biyar, inda ka ce kana zubarwa don rage asara. Nan ne na fi so ka saurare ni. A ce tuli ya kai 40 har da zubin abokin karawarka, ku biyu kuka rage, kana da tagwaye na biyu a girma, ana neman 4. Idan ka bi sau 11 ka faɗi sau 10, ka rasa 40, ka ci 40 sau ɗaya, ba riba ba asara. Wato kashi 9 cikin ɗari kawai kake buƙata. Idan a gaskiya kana cin sa sau 1 cikin 5, bi biyar zai ci maka 16 ya kawo 40. Kuskuren bi a nan farashinsa 4 ne. Kuskuren zubarwa farashinsa 40. Ba ka buƙatar ka yi imani kai ne a gaba, kana buƙatar kawai ka kasa rantsuwa cewa sau goma cikin goma sha ɗaya an fi ka. Za ka ji ba daɗi, domin yawancin lokuta za ka bi a nuna maka abin da ya fi naka, har a yi maka dariya. Daure. Wannan ɗacin yana cikin lissafin.

Wannan ba izini ba ne na bin komai. Girman tulin ne ya ba da hukuncin: idan 12 ne kacal har da zubinsa, 3 kan 1 ake ba ka, sai kana cin kashi 25 kafin ka bi. Idan wani ya zuba wani kuma ya riga ya bi kafin kai, dole ka fi su duka biyun, kuma wanda ya bi ɗin ba burga yake ba, saboda haka kana buƙatar hannu mafi ƙarfi. Idan an zuba an kuma ƙara kafin a zo kanka, tagwaye ɗaya sun mutu. Sai kuma sanin mutum. A kowace majalisa akwai wanda tun da aka zauna bi kawai yake yi, bai taɓa ƙari ba. Ranar da irin wannan ya ƙara maka a kati na huɗu ko na biyar, ka yarda da shi, yana da tagwaye biyu ko abin da ya fi. A ƙaramin tuli ka zubar masa da tagwayenka ko da As ne. A babban tuli, inda kake da katunan ceto, ka bi ba tare da sake ƙari ba.

Ɗaya gefen kati na biyar shi ne zuba naka. Da yawa suna wucewa da tagwaye masu kyau don kati mai ban tsoro ya faɗo, suna cewa gara a buɗe a gani. Ma'aunin shi ne: cikin lokutan da za a bi ka, shin kana cin fiye da rabi? A kan mutanen da ke bi da kowane tagwaye, har da As tsura, amsar yawanci e ce. Idan ka zuba aka ƙara maka, sai ka koma lissafin tuli. Waɗannan ƙwayoyi hurhuɗu da ake bari a ƙarshen rabo su ne babban bambanci tsakanin wanda ya iya da wanda ya kusa iyawa.

Game da yadda za ka gane ko gyaran yana aiki, kada ka auna da daren yau ko na gobe. Sa'a tana rinjayar sakamakon rabo ɗari ko ɗari biyu ƙwarai, mai wasa daidai na iya tashi ba ko murfi, mai wasan banza ya kwashe. Tunda ɗalibin lissafi ne kai, ɗauki takarda ka riƙa rubuta abu uku a kowane zama: rabo nawa aka yi, nawa ka shiga da son ranka, kuma cikin waɗanda ka shiga nawa ka shiga da ƙari. Idan adadi na biyu ya wuce kashi 20 zuwa 25 na na farko a cikakken teburi, ƙofarka ta yi faɗi. Idan ku huɗu ne ko biyar kawai a ɗakin, zubin dole na zagayowa da sauri kuma hannuwan da ke gabanka ba su da yawa, sai ka ɗaga adadin zuwa kusan sulusi, akasarinsu da ƙari. Bayan an tashi, zaɓi rabo biyu da suka kai kati na huɗu, ka sake ƙirga tulin da katunan ceto a natse, ka ga ko abin da ka yi a teburi ya yi daidai da abin da takarda ta ce.